Na'ura Ashirin a Cikin Leda

Jama'a, ranar Litinin aka kore ni daga ƙofar ɗakin ordinatar, wato kwamfuta, na garinmu, ni da furfurata. Laifina kawai na roƙi a ɗage leda ɗaya.

Ga yadda abin yake. 'Yata Hafiza ta ci bak bana, jarrabawar gama sakandare, ta nemi wata makarantar koyon aikin jinya da ake karatunta ta intanet, aka ce ranar Asabar za ta yi jarrabawar shiga a kan na'ura. Yarinyar nan tun da aka haife ta ba ta taɓa taɓa ordinatar ba. Amma muka kwantar da hankali, domin Mai Girma Uban Ci-gaba, Allah ya ƙara masa kwandishan, ya aiko wa Dakoro na'ura ashirin da horon sati biyu don shirya ɗalibai.

Na'urorin sun iso lafiya, ta taga na gan su, jere cikin ledarsu. Sai dai ba a taɓa su sai Mai Girma ya zo ya yanke ƙyalle, shi kuwa sau uku yana ɗaga zuwansa saboda yawan hidimar talakawa. Horo dai ba a fasa ba. Mushe Sallau, malamin da aka turo, ya zana madannai a allo da alli, yana shifta yara suna rubutawa a kaye, wato littafin rubutu, kan magana kuma a ja masa layi da jan biro. Ranar da aka koyi kunna na'ura, shafi uku Hafiza ta cika. Maƙwabcina Ɗangoggo ya ji tana tilawa ta kan katanga, ya leƙo yana tambaya ko sauka za mu yi ya shirya cikinsa.

Shi ya sa na tafi roƙo. Na ce minti goma kawai, yarinya ta ji yadda abin yake a hannu.

«Baba, mi kake so in yi?» in ji Mushe Sallau. «In anka zo anka iske leda a buɗe, ni za a kora. Ni ma hwa ban taɓa su ba.»

Wallahi sai na ji tausayinsa ya fi haushin yawa. Ina cikin tausayin ne mai gadi ya nuna mini hanya.

Asabar muka shiga motar Maraɗi, muka kama na'ura a wani shagon intanet. Minti arba'in aka ba masu jarrabawar. Ina tsaye bayanta ina kallon yatsanta yana yawo yana neman haruffa ɗaya bayan ɗaya. Amsoshin duk ta san su, ina jin tana faɗinsu a hankali. Tana tambaya ta huɗu cikin talatin shafin ya rufe. Ba ta yi kuka ba sai da muka wuce Kornaka, ni kuwa na juya fuska ina kallon gonaki. Sai baɗi kuma, in Allah ya kai mu.

Jiya aka aiko mata da takardar shaidar horo, ita ce ta ɗaya a aji. Don haka an zaɓe ta ta zauna gaban na'ura ranar da Mai Girma zai zo, a ɗauki hoto. An roƙe ni in ja mata kunne, ta ɗora hannu kawai, kada ta danna komai.