Rasuwar Janar, Zakin Simintin Baba Elias

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido da har yanzu bai bushe ba, Baba Elias na Pantami, tsohon ma'aikacin gwamnati, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki da maƙwabta, har da waɗanda suka yi dariya, rasuwar zakinsa na siminti wanda aka fi sani da Janar. Marigayin ya rasu ranar Asabar da ta wuce, da misalin ƙarfe biyu na rana, a tsakar gida, a gaban baƙi. Ya bar duniya yana da shekara uku da wata huɗu.

An haifi Janar a bakin titi, a rumfar Usaini mai buga bulo da tukwanen fulawa. Shekara da shekaru Baba Elias yana wucewa ta unguwar manya, yana leƙen zakunan da ke tsaye a ƙofofinsu, yana haɗiyar yawu. Da ya ajiye aiki sai ya shiga gari nema. Inda duk ya ji farashi sai ya yi godiya ya fita da sauri, har Allah ya haɗa shi da wanda aljihunsa zai iya ɗauka. Usaini bai taɓa ganin zaki ido da ido ba, kuma bai ɓoye ba. Shi ya sa marigayin ya zo duniya da kunnuwa irin na jaki, ido ɗaya yana kallon ƙofa, ɗaya yana kallon ƙasa. Mutanen layi suka sa masa suna Tunkiya. Baba Elias ya ji, kuma yana riƙe da sunayensu ɗaya bayan ɗaya.

Ranar da a-kori-kura ta sauke shi, sai aka ga wurin da ya dace da darajarsa akwai bishiyar gwaiba a kai. Mama Juliana, matar gidan, ta tsaya a gindinta ta ce, "Baban Sandra, wannan fa mahaifiyata ce ta dasa da hannunta kafin ta rasu."

Ya ce, "Gwaiba ana sayarwa a Kasuwar Gombe. Kin taɓa ganin zaki a faranti?"

Kafin yamma aka sare ta, aka zuba dakali, Janar ya hau.

Marigayin mai haƙuri ne da kamun kai. Bai taɓa mayar wa maigida magana ba. Bai taɓa tambayarsa inda ya je ba. Ya saurari labarin yadda aka hana Baba Elias ƙarin girma a ofis fiye da sau ɗari, kuma ko da yake bakinsa a buɗe yake kullum, ba a taɓa tabbatar da cewa hamma yake yi ba. Ba ya ruri. Amma idan iskar hadari ta shiga bakinsa yakan ce "fuuu", a hankali, kamar mai hura koko. Baba Elias ya rama masa alheri daidai gwargwado. Kowace safiya yana wanke shi da soso, ko da famfo bai kawo ba, ko da ruwan girki ne ya rage a jarka. Kowace Kirsimeti yana yi masa sabon fenti, alhali rabon bangon gidan da fenti tun Sandra, 'yarsu tilo, tana firamare.

Ciwon ajali ya fara ne a daminar bara, da 'yar tsaga a wuya. Daga baya tsatsa ta riƙa zubowa daga ciki. Aka kira Usaini, ya ƙwanƙwasa, ya saurara, ya ce, "Baba, a shafa masa siminti zai kai wani lokaci. Kada dai kowa ya hau." Baba Elias ya yi tunanin kafa allon gargaɗi, sai ya ga zai ɓata wa marigayin kwarjini, ya fasa.

Ranar Asabar ɗin, dangin Desmond, saurayin Sandra, suka iso daga Kaltungo da akwatunan aure, saura mako biyu biki. Sun zo da yawa, kujeru suka kasa. Mama Ladi, mahaifiyar Desmond, tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, ta sha zaman mota, ga rana, ga tsakar gidan babu inuwa ko ta tsuntsu. Ta duba hagu da dama, ta ga abu mai faɗin baya. Ta zauna a kan Janar, ta dafa wuyansa don ta gyara zama.

Kalmar marigayin ta ƙarshe ita ce "ƙaras".

Kan Janar ya gangara gefe guda, tsohuwar ta faɗi ɗaya gefen, ƙugunta ya bugi bakin dakali. Mata suka saka salati da kiran sunan Yesu. Baba Elias, wanda ya shekara biyar yana cewa bayansa ba ya barinsa ɗaukar bokiti, ya tsallake Mama Ladi da tsalle ɗaya ya rungumi kan.

"Ku matsa! Kuna taka masa geza!"

Desmond ya ce, "Baba, Mama fa ba ta iya tashi."

Baba Elias ya ce, "To shi yana iyawa ne?"

Sandra ta durƙusa tana riƙe da hannun tsohuwar, tana cewa, "Baba, don Allah, mukullin mota." Bai ji ba, yana tattara ɓarɓashi a cikin hularsa. A keke mai ƙafa uku aka kai Mama Ladi asibiti, inda aka ce ƙashin ƙugu ya karye, kuma a shekarunta da wuya ta sake takawa ba sanda. Washegari Baba Elias ya aika wa dangin saƙo. Ba na sannu ba ne. Tambaya ce, wa zai ɗauki alhakin abin da aka yi wa Janar. Ranar Litinin kawunnan Desmond suka zo, ba su zauna ba, ba su sha ruwa ba, suka kwashe akwatunansu.

Iyalan marigayin suna roƙon jama'a su daina yaɗa cewa an tarar da cikinsa cike da ledojin ruwa da gorunan roba da yashi. Gaskiya ne, amma ba a tona asirin mamaci.

Janar ya rasu ya bar maigidansa, Baba Elias, wanda abinci ba ya wuce masa, musamman da yake babu mai dafawa. Ya bar dakali ɗaya, da rabin gwangwanin fenti, da ƙadangaru uku da suka tashi a bakinsa, yanzu sun zama marayu. Ya bar Mama Juliana, wadda ta tafi Billiri ganin gida da akwati biyu da keken ɗinkinta. Ya bar Sandra, wadda ke cikin ɗaki tun ranar Litinin, kuma ana kyautata zaton zakin take yi wa kuka.

Za a yi jana'iza ranar Asabar ta sama, ƙarfe goma na safe, a gidan marigayin. Fasto ya ce yana da uzuri, ya kuma ce kada a sake kiransa, saboda haka Baba Elias ne zai yi jawabi da kansa. Malam Rabe maƙwabci, da ya nemi a ba shi gawar ya cike ramin da ke ƙofar gidansa, ba a gayyace shi ba. Haka ma duk wanda ya fito daga Kaltungo.

Da yake ranar ce da ma aka tsayar don auren Sandra, rumfa da kujeru da masu kiɗa duk an riga an kama, ba za a bar su su tafi a banza ba. Wanda ke da katin biki ya riƙe shi, rana ɗaya ce. Matan da suka riga suka ɗinka anko kuma kada su damu, su zo da shi.