Ramin da Na Haƙa a Gonar Baba Mutari

Ba zan taɓa mantawa ba da ramin da na haƙa da hannuna a gindin wani baƙin dutse can wajen Droum. Har gobe idan na tuna sai tsikar jikina ta tashi, kunya kuma ta biyo baya.

Lokacin ban daɗe da fita lakwal ba, wato makarantar boko, sabon ma'aikaci ne ni a wani biro, ofishi mai kula da ƙasar noma a Damagaram, ina ji da kaina kamar ni na shimfiɗa ƙasar. Wani kamfanin gina hanya yana neman inda zai ɗebi tsakuwa, idonsa ya faɗa kan gonar wani dattijo, Baba Mutari, wanda ba shi da wata gonar sai ita. Aka ce in je in duba. Idan ƙasar noma ce a bar wa mai ita, idan tsakuwa ce zalla a turo motoci. Shef, shugabanmu na biro, ya rako ni har bakin ƙofa, ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka rubuta abin da ka gani. Amma dai ka san hanya ba ta yiwuwa sai da tsakuwa." Na gane sarai, na ce to.

Ban biya wajen maigari ba, ban nemi mai gonar ba. (Wai ni mai sauri, kada gaisuwa ta ci mini lokaci.) Na ɓoye moto, wato babur ɗina, a bayan dutse, na saɓa diga na shiga gonar mutane kamar ta gadonmu.

Wurin bai yi mini ba tun daga farko. Duwatsun da na saba gani jajaye ne, awaki na tsalle a kansu. Wannan baƙi ne ƙirin, irin wanda aka koya mana cewa wuta ce ta amayo shi daga cikin ƙasa. Ba tsuntsu, ba ƙadangare, ko iska ba ta motsi. Bazara ce, gona fayau, ba abin da nake ji sai numfashina da ƙarar diga, ita ma dutsen yana maido mini da ita a makare, kamar akwai wani can baya yana nasa haƙan.

An koya mana cewa a yi ramin dogo, daga kudu zuwa arewa, don rana ta haska bangonsa a ga yadda ƙasa ta jeru. Haka na yi. Taƙi ɗaya na sama baƙar ƙasa ce mai laushi, sai tsakuwa, ban kai gwiwa ba diga ta ce ƙwal a kan dutse. Manoma suna da jigawa, suna da fadama, suna da fako inda ko ciyawa ba ta kamawa. Wannan ba ta da zurfi, amma ba fako ba ce. Ga saiwar geron bara ta bi tsagar dutse, na sa yatsa na ji danshi, a tsakiyar bazara. Ƙasa ce mai rai, na san da haka. Amma fuskar shef ta faɗo mini, na ce a raina, tsakuwa dai.

Ramin da bai kai gwiwa ba, ba a ganin bangonsa da kyau sai an kwanta. Rana ta karkata yamma, don haka bangon gabas ne da haske. Na shiga, na kwanta a gefen dama ina fuskantar gabas. Ƙudaje suka dame ni, na warware farin rawanin da nake naɗawa saboda moto, na lulluɓa tun daga kai har ƙafa. (E, na sani. Duk mai hankali ya riga ya ga abin da ban gani ba.) Dutsen ƙasan da sanyi, ga gajiya, ga furar da na sha. Na ce bari in ɗan rufe ido.

Salati ne ya tashe ni, ƙasa-ƙasa, daga bakuna da yawa, a samana. Na buɗe ido ban ga komai ba sai fari. Na so in ɗaga hannun dama, ya ƙi, ya mutu murus. Sai ga tsakuwa tana zubo mini a kafaɗa, kaɗan-kaɗan. Wani ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Na ɗan motsa ƙafa. Nan take na ji takun mutane suna ja da baya, suna nisa, har wurin ya yi tsit.

Tun ina makarantar allo na san cewa mamaci yana jin takun masu raka shi idan sun juya, kuma na san abin da ke biyo baya. Na tuna mahaifiyata, na tuna sallar azahar da ban yi ba. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Wata murya mai kauri ta sauko mini. "Kai! Wane ne kai? Me ka aikata a nan?"

Ni kuwa, mai takardar lakwal, na fashe da kuka na buɗe baki iya ƙarfina: "Allah ne Ubangijina, Musulunci ne addinina! Gona ce! Wallahi tallahi gona ce, ba tsakuwa ba! Na ga saiwa, na ji danshi! Ban riga na rubuta ba, niyya kawai na yi!"

Sai bakin sanda ya ɗage rawanin daga fuskata.

Liman ne mai muryar. Bayansa ga maigari, ga maza da sanduna, can nesa ga matan da suka zo itace suka tarar da gawa a kabarin da ba a rufe ba, suka watsar da kaya suka ruga gari. Ba wanda ya yi dariya tukuna. Wani siririn dattijo ya matso bakin ramin, ya daɗe yana kallona, ya kalli tulin ƙasar da na tono.

"Yaro, kai ne na biro da aka ce zai zo duba gonata?"

Na gyaɗa kai ina kwance, majina har baki.

Baba Mutari ya juya ga jama'a. "To, kun dai ji. Malam, ka ji. Maigari, ka ji. Ya rantse, kuma ba wanda ya tilasta shi."

A nan ne dariyar ta ɓarke, har liman sai da ya dafa sanda. Mutum biyu suka ciro ni daga ramin. Maigari ya sa na cike ramin a gabansu kafin rana ta faɗi, ya ce ba a barin irinsa ya kwana a buɗe.

Rantsuwa a gaban liman da gari guda ba ta haɗiyuwa. Na koma na rubuta ƙasar noma. Shef ya karanta, ya cire tabarau ya dube ni, ya kuma daɗe bai sake aikena ko'ina ba. Motocin suka nemi wani wuri.

Duk kaka Baba Mutari yana aiko mini da damin gero, yana gaya wa mutane bai taɓa ganin ma'aikaci mai gaskiya irina ba. Ina karɓa ina sunkuyar da kai, su ɗauka tawali'u ne. Abin da na koya shi ne, gara mutum ya faɗi gaskiya tun yana tsaye, don ni sai da aka kwantar da ni aka samu tawa.