Hoto Biyu, Ƙusa Ɗaya

"Ya gajiyar biki kuma, tsohuwa?" in ji Abdulmalik, yana tsugune a bakin ƙofar falo.

"Gajiya ta bi lafiya. Shigo mana, ka tsaya a ƙofa kamar ɗan aike. Au, na manta, miji marar cefane ai da sanɗa yake shiga gida."

"Cefanen me zan yi wa matar da haƙoranta suka yi ritaya? Koko ya ishe ki."

"Da su na tauna maka nama kana jinjiri, marar ta-ido."

Hajiya Jummai kakarsa ce, a hannunta ya tashi nan Tudun Wada, kuma tun da ya yi wayo ba ta kiransa da sunan arziki sai in zazzaɓi ya kwantar da shi. Bangon falonta kuwa sananne ne a layin. Hotunan jikokinta ne a jere, kowa da rigar gama makaranta da hular nan mai kama da faranti, a samansu ga mijinta marigayi Alhaji Garba yana hararar kowa. Na Abdulmalik ne kawai babu, don shi bai kai ga sa hular ba. Ranar da ya gaji da yawon neman aikin ofis ya tafi Trikania koyon walda wurin Oga Shekari, cewa ta yi ba ta goya yaro don ya ƙare a wasa da wuta ba. Ba ta taɓa leƙa shagon ba sai makon jiya da aka yi bikin yaye shi. Ta je, ta ci shinkafa, ta dawo, ba ta ce masa ko sannu ba.

Yau ya zo da ƙananan hotuna biyu na bikin. Ɗaya za a ƙara wa girma a sa a gilashi, kuma ita ce mai zaɓe tunda bangonta ne, in ma ta yarda a rataye. Abin da za ta ce ya dame shi, amma gara ya haɗiye garwashi da ya bari ta gane.

"Kafin in ba ki," ya ce, "bari in gaya miki abin da mai hoton ya faɗa mini. Ya ce duk wanda ka miƙa wa hoton taro, fuskarsa yake fara nema. In ya yi kyau, hoto ya yi kyau, ko da sauran duk sun koma aljanu. Malami ne, lebura ne, liman ne, duk ɗaya."

"Wannan halin 'yan zamani ne. Ni na wuce nan. Yabon kai jahilci."

"Ke? Ke da ba kya wuce gilashin motar mutane sai kin gyara ɗaurin ɗankwali?"

"Ƙura nake duba musu. Miƙo nan."

Ya ba ta na farko. Ta laluba tabarau, ta sa, ta kai hoton kusa da taga. Shi dai ɗan yatsanta ya zuba wa ido. Yatsan ya tsallake Oga Shekari, ya tsallake yaran shago, ya tsallake mai bikin kansa, ya sauka ɗas a kan wata tsohuwa mai leshi ruwan ƙwai.

"Kai! Wace budurwa ce wannan? Allah ya yi halitta a nan!"

Abdulmalik ya fashe da dariya har da buga cinya. "Ba na faɗa ba? So duka so ne, amma son kai ya fi!"

"To wa zan kalla? Ido ai inda haske yake nan yake zuwa. Dubi zaman ɗaurin nan. Da Alhaji na da rai, yau da sai ya ƙara mini sadaki."

"Da ya ƙara gudu dai. Duba mai bikin mana."

Ta matso da hoton. A nan idanunsa a rufe suke ruf, baki ya karkace, wani ya ɗaga hannu ya tare masa rabin kunne.

"Wannan kai ne? Na ɗauka an kamo ɓarawon akuya ne aka tsaya ɗaukar hoto da shi. Barci kake a tsaye?"

"Kwalliyarki ce ta kashe mini ido, ta fi wutar walda."

"Ka ga ka fara faɗin gaskiya. Wannan za a wanke. Kawo ɗayan in gani don kar a ce na yi zalunci."

Nan dariyarsa ta ragu. Na biyun shi ne wanda ya kwana yana kallo. A ciki yana tsaye ƙyam cikin kayan aiki, Oga Shekari na miƙa masa abin kare fuska na walda da hannu biyu, shi kuma kai a ɗage kamar wanda aka ba gari. Bai taɓa ganin kansa ya cika mutum haka ba. Amma a bayansa ga Hajiya Jummai, ɗankwali ya zame ya rufe ido ɗaya, baki a wangale har giɓinta ya fito fili, ta kuma matse hancinta da yatsu biyu. Ranar janareta na ruri, yara na tafi da buga ƙarafa, bai ji komai a bayansa ba. Da ya ga hoton sai zuciyarsa ta ce masa warin shagon ne take toshe wa hanci, a gaban ogansa, a ranar da ya fi kowace rana. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Ya miƙa mata. Yatsan ya sake zuwa kanta kai tsaye.

"Innalillahi! Wane maƙiyin ne ya ɗauki wannan? Ku zo ku ga an mai da ni dodo!"

"Hoto ba ya ƙarya. Gwano ne dai ba ya jin warin jikinsa."

"Zan ci mutuncinka, ka ji ko?"

"Me kike yi ma a nan? Ƙuda kike kamawa da baki?"

"Hamma nake. Jawabin oganka ya yi tsawo."

"Hamma da riƙe hanci?"

"Kowa da irin tasa hammar."

"Faɗi gaskiya dai," ya ce, yana ƙoƙarin maida abin wasa. "Warin ƙarfe ne ya dame ki. Ba komai. A wanke na farkon, ko ma a bari. Bangon ai na masu hular faranti ne."

Ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau. Sannan ta koma kan hoton. Yatsan nata ya bar tsohuwar ya gangaro a hankali ya tsaya a kan kafaɗarsa. Ta daɗe a haka.

"Wannan tsayuwar," ta ce, "ba a shago ka koye ta ba. Tawa ce. Goshin nan ma nawa ne, aro na ba ka."

"To karɓi abinki, nauyi yake mini."

"Rufe mini baki. Wannan za a wanke. Babba. Wanda ya fi na kowa a bangon nan."

Ya ɗauka zolaya ce. "Da bakin naki a haka? Matan layin nan za su shekara suna dariya. Mai hoto ya ce zai iya yanke ki ta kwamfuta, ko ya rufe bakin."

"Ya rufe na uwarsa! Wanda ya taɓa mini bakin nan sai mun je gaban alƙali." Ta cire tabarau ta goge ido da gefen mayafi, ta ce ƙurar taga ce. "Kai yanzu duk wayonka, da kai da mai hoton naka, ba ku san abin da mace take yi ba in ta riƙe hanci ta buɗe baki a wurin biki? Lallai na auri kurma. Matso da kunnenka."

Ta matse hanci da yatsu biyu, ta ɗaga kai, ta rangaɗa guɗa. Ba ƙaramar guɗa ba, irin wadda ake yi wa ango ce, doguwa, mai ratsa kwanon rufi, har kajin tsakar gida suka watse. Abdulmalik ya yi zaune baki buɗe, ƙirjinsa ya cika da daɗin da bai san inda zai ajiye shi ba.

Daga bayan katanga muryar Maryam maƙwabciya ta taso. "Hajiya lafiya? Haihuwa aka yi?"

"Wace haihuwa! Mijin nan nawa ne ya zama mutum, ga sana'a a hannu! Duk mai son ƙyauren ƙarfe a layin nan ya biyo ta wurina!"

Abdulmalik ya sunkuyar da kai yana dariya, idonsa ya kawo ruwa. "Na sallama, tsohuwa. Kin ci."

"Dama yaushe ka taɓa ci? Tashi ka nemo guduma da ƙusa. Ka matsar da masu farantin nan gefe, a tsakiya nake son sa, daidai inda mai shigowa zai fara gani."