Muryar Tela Ta Shiga Fili, Tela Yana Waje

Jiya na wanke rigata mai launin ƙungiyarmu, na raka maƙwabcina Tela sabon filin wasa. Ɗansa na fari ne zai tsare raga a karon farko tun da babbar ƙungiya ta ɗauke shi, kuma Tela ya yi masa alkawarin zai ji muryarsa daga bayan raga. Muryar kuwa ba ta ɓuya. A tsohon fili shi ke jan waƙa, mu muna amshi.

Filin nan an ce mana mai amfani iri-iri ne, kuma ba a yi ƙarya ba. An jera kujerun haya a kan ciyawarsa an yi liyafar biki, an rantsar da kwamiti, an rantsar da kwamitin da zai binciki wancan kwamitin. Kallon ƙwallo ne kaɗai ba a kai ga gwadawa ba.

A bakin ƙofa mai gadi ya tare mu.

"Baba, ba shiga. Kujeru suna cikin leda, Mai Girma Uban Ayyuka bai zo ya buɗe su ba."

"To mu yi kallo a tsaye," in ji Tela.

"Simintin ma sabo ne."

Na tambayi mai gadin wa zai yi wa 'yan wasa sowa. Ya ce in kwantar da hankalina, an sayo lasifika, an naɗo ihun 'yan kallo na tsohon fili an zuba mata. Dole a yaba wa masu wannan basira, Allah ya ƙara musu kwangila. Lasifika ba ta zagin alƙalin wasa, ba ta neman a gyara bayan gida.

Muka zauna a gindin katanga. Can sai fili ya ɗauki sowa. Tela ya kasa kunne.

"Malam, ai muryata ce wannan."

Ita ce, har da ɗan tarin da yake yi a tsakiyar waƙa. Ya ce lallai mun ci. Sau huɗu ana haka, sau huɗu Tela yana taka rawa a bakin titi, har ya saya wa mai gadi lemo.

Da aka tashi, ɗansa ya fito riƙe da safar hannu, kansa a ƙasa. Ashe mai kula da lasifika umarni ɗaya aka ba shi: ƙwallo ta shiga raga, ya danna. Ba a gaya masa ragar wa ba.

"Baba, huɗu aka zura mini," in ji shi. "Kuma duk wadda ta shiga, kai nake ji kana cewa a ƙara."

Wallahi Tela ya ba ni tausayi.

Yau da safe aka ba da sanarwa cewa wasa ya tafi lafiya, ko leda ɗaya ba ta yage ba. Na leƙa shago na tambayi Tela ko za mu koma ranar wasa na gaba. Bai ɗago daga kan keke ba.

"Ina da ɗinki," ya ce. "Muryar ai ta san hanya."