Kujerar Madugu

A bakin tsohuwar tasha a Funtuwa akwai wani mai gyaran agogo, Malam Haladu, wanda shekara huɗu ke nan rabonsa da zama a kan kujerarsa. Ba sace ta aka yi ba, ba kuma karyewa ta yi ba. Tana nan kullum a ƙofar shagonsa, kujerar katako mai majingina da hannuwa, wadda ya sa kafinta ya yi masa saboda ciwon baya. Wani ne dai ke hakimce a kai, shi kuma mai ita yana kan benci yana kallo.

Abin da ya jawo masa wannan kuwa wani wasa ne da ake kira Ayari. Wani ɗan ƙaramin kamfani ne a Kaduna ya ƙirƙiro shi. Allon kwali ne mai zanen hanyar fatake daga Kano zuwa Gwanja, da 'yan jakunan katako, da ƙwayar jefawa irin ta lido, da katunan da ke gaya maka abin da ya same ka a hanya: ko kogi ya cika, ko jaki ya gurgunce, ko 'yan fashi sun tare. Wanda ya riga shigar da jakinsa Gwanja shi ne madugu. Wasa ɗaya yakan ci kwana uku, don daga la'asar zuwa kiran magariba kawai ake yi, sannan a lallaɓa allon kamar tiren ƙwai a ɗora a kan kabad ɗin shago sai gobe.

Su uku ne a majalisar. Akwai Malam Haladu. Akwai Malam Mudi, tsohon malamin firamare, mutumin da ko takardar cikin kwalin magani ka ba shi sai ya karanta ta tun daga sama har ƙasa, da ƙarfi kuma. Sai Alhaji Bara'u, tsohon rajistaran kotu, wanda ya yi ritaya amma bakinsa bai sani ba. Ranar da aka fara buɗe kwalin, Malam Haladu ne da kansa, cikin zumuɗi, ya ce duk wanda ya ci, kujerar nan tasa ce har ranar da aka kayar da shi. Babu wanda ya tambaye shi. Alhaji Bara'u ya ci wasan farko, ya hau kujera, kuma tun daga ranar ba ya sauka sai in salla zai yi.

Gaskiya a faɗe ta, Alhaji ya iya wasan. Amma ba iyawa kaɗai ke riƙe da shi ba. Mutanen kamfanin nan masu kula ne: duk shekara sukan fito da sababbin katuna, in jakinka ya ɓace su aiko da wani, a bayan kwalin kuma sun sa lambar waya wadda ake kira in gardama ta tashi a kan doka. Tunda Alhaji mutumin kotu ne, sai aka bar masa wannan aiki. Da an fara ja-in-ja sai ya ɗaga hannu ya ce, "A dakata, bari a ji daga sama." Ya miƙe, ya taka har gindin wata falwayar lantarki can gefen titi, inda ya ce nan ne kaɗai sabis ke kamawa. Daga nesa sai ka ga yana gyaɗa kai, hannu ɗaya a baya, yana "na'am, haka ne, to madalla." Ya dawo ya gyara babbar riga ya ce, "Sun ce..."

Abin da suka ce kuwa bai taɓa ɓata wa Alhaji rai ba. Malam Haladu bai taɓa ganin mutanen Kadunan nan ba, amma ya tsane su tsana ta gaske. Wani lokaci yana tsakiyar kwance agogo sai su faɗo masa a rai, ya yi tsaki, mai agogo ya zaci nasa ne ya lalace.

To, ana nan sai ga wata Talata, aka shimfiɗa sabon wasa, sa'a ta waiwayi Malam Haladu. Duk abin da ya jefa sai ya zo daidai. Kafin a ankara jakinsa ya iso bakin kogin Kwara, katin ya ce kogi ya cika, shi kuwa ya zaro katin kwalekwale da ya ɓoye ya ajiye yana murmushi. Alhaji ya ɗaga hannu. Aka tafi gindin falwaya, aka gyaɗa kai, aka dawo. "Sun ce kwalekwale ba ya ɗaukar jaki da kaya. Ka jira jifa biyu." Malam Haladu ya haɗiye, ya jira.

Ran Laraba abin ya juye wa Alhaji. Jakinsa ya gurgunce, yana warkewa 'yan fashi suka tare shi, kuma katunan a bayyane suke, babu ta inda za a kai ƙara. Da ladan ya kira magariba, gida biyu kacal ya rage Malam Haladu ya shiga Gwanja, kuma shi ke da jifa. Duk abin da ya jefa, in ba ɗaya ba, ya ci. Alhaji yana can baya da gida goma sha ɗaya. Malam Haladu ya ɗora allon a kan kabad da hannu biyu, yana jin bayansa har ya fara sauƙi.

Ran Alhamis tun da hantsi ya fito da kujerar ya goge ta tas. Bai zauna ba, don shi mutum ne mai alƙawari, amma ya ɗan dafa majinginar ya ji taushinta. Da aka sauko daga la'asar Malam Mudi ya iso, aka sauko da allo. Alhaji ne bai zo da wuri ba. Da ya iso kuwa, fuskarsa irin ta mai zuwa gaisuwar mutuwa ce. Ya zauna a kujera, ya nisa, ya zaro wata takarda daga aljihu, wadda ninkinta har ya fara tsagewa.

"Jama'a, sai haƙuri," in ji shi. "Kamfanin Ayari ya rufe. Ga sanarwarsu."

"Allah sarki," in ji Malam Mudi. "Mutanen kirki."

"Allah ya musanya musu da mafi alheri," in ji Malam Haladu, yana kaɗa ƙwayar a tafin hannu. "Ni ke da jifa."

Alhaji ya shimfiɗa hannunsa a kan allon. "Wane jifa kuma, Malam Haladu? Ba ka ji abin da na ce ba? Daga yau babu sabon kati. Jaki ya ɓace, ya ɓace ke nan. Gardama ta tashi, babu mai raba ta. Wasan da ba shi da mai shi ai ba wasa ba ne, ɓata lokaci ne. Dattawa kamar mu ba za mu zauna muna tura katako a kan kwali ba, ba tare da hukuma a bayanmu ba."

"Ikon Allah," in ji Malam Mudi. "To dara fa, Alhaji? Ni ban taɓa jin inda ofishinta yake ba, ga shi kakanninmu sun yi ta, mu ma mun yi."

"Dara gado ce. Wannan kayan kamfani ne. Kada ka haɗa."

Malam Haladu ya san Alhaji in ya kama hanya ba ya juyowa. Ya sassauta murya. "Alhaji, agogon da ke hannunka fa? Kamfanin da ya yi shi ya rufe tun ina koyon aiki. Ni nake lallaɓa maka shi, kuma bai taɓa sa ka rasa jam'i ba. Jakin Malam Mudi ma shekara biyu ke nan da ɓacewa, bai ma nemi wani ba, da murfin kwalba yake tafiya, ya kuma sha zuwa Gwanja."

"A baya yake zuwa," in ji Alhaji. "Kuma agogo ba ya buƙatar alƙali. Wasa yana buƙata."

"To a ƙarasa wannan ɗin mana. Jifa ɗaya ne."

"Ba ya halatta. In ka jefa aka samu saɓani, wa za a kira?"

"Wane saɓani ne a gida biyu, Alhaji?"

"Ka ga irinta ko? Har an fara."

Malam Mudi ya gyara zama ya ce, "To in an daina wasan, kujerar fa?"

Alhaji ya yi kamar tambayar ta zo masa ba zato, alhali kowa ya ga da amsarta ya fito daga gida. "A ƙa'idar kotu, in shari'a ta tsaya ba a yanke ba, kowa yana zama a inda aka same shi." Ya jingina, kujerar ta yi ƙara kaɗan, ya ɗora hannuwansa a kan hannuwanta.

Nan baƙin ciki ya kama Malam Haladu. Shekara huɗu yana kan benci, ya zo gida biyu da kujerarsa, mutanen Kaduna sun sake yi masa, wannan karon da mutuwarsu. Ya dubi ɗan jakinsa a tsaye a ƙofar Gwanja.

Malam Mudi kuwa idonsa na kan takardar tun ɗazu. Rubutu ne a gabansa ba a karanta ba, abin da ba ya iya jurewa ke nan. Ya miƙa hannu ya zare ta daga cinyar Alhaji, ya sa tabarau, ya gyara murya kamar yana gaban aji. Ya fara daga adireshi, da lambar titi, da akwatin gidan waya.

"Ba sai ka karanta duka ba, Malam Mudi," in ji Alhaji. "Ai na faɗa muku abin da ke ciki."

Malam Mudi bai taɓa barin karatu a tsakiya ba, ba kuma yau zai fara ba. "Uku ga watan Maris," ya ci gaba. "Zuwa ga masoya wasan Ayari. Muna baƙin cikin sanar da ku cewa daga yau mun daina buga katuna, mun kuma rufe layin wayarmu gaba ɗaya. Muna fata za ku ci gaba da jin daɗin wasan a tsakaninku."

Malam Haladu mutum ne da lokaci ke ciyar da shi. Ya ɗaga kai ya dubi kalandar da ke rataye a bangon shago, ya ga Oktoba. Ya lanƙwasa yatsu a hankali, Afrilu, Mayu, Yuni, har suka kai bakwai. Sannan ya waiwaya ya dubi falwayar can gefen titi, ya tuna kwalekwalensa na shekaranjiya, da wasu hukunce-hukuncen da suka sauko daga sama tun damina ba ta faɗi ba. Malam Mudi ma ya sauke tabarau yana kallon wajen.

Alhaji ya ga inda idanu suka nufa, sai ya sake dafe allon, ya ɗaga murya. "To kun dai ji da kunnenku, ba ni na ƙirƙira ba. Kamfani ya mutu. Ku gaya min, me mai hankali zai yi da wasan da mai shi ya mutu?"

Malam Haladu ya gyara zama a kan benci. Ya ɗauke hannun Alhaji daga kan allon cikin ladabi, ya kaɗa ƙwayar, ya sake ta. Ta gangara ta tsaya a kan biyar.

"Allah ya jiƙansa, Alhaji, mamacin kirki ne," in ji shi. "Wata bakwai yana kabari bai taɓa ƙin ɗaga maka waya ba. Tashi ka je gindin falwaya ka tambayo mana shi ko biyar ta kai Gwanja, ni zan riƙe maka kujerar."