Lamba Tara na 'Yan Casa'in

Akwai wani tsohon malamin firamare, Malam Haladu, wanda a ƙuruciyarsa ake yi wa laƙabi da Ƙyaure. Shi ne mai tsaron gidan ƙungiyar ƙwallon Kwalejin Rafin Tsamiya a shekarun saba'in, kuma in ya tsaya a raga to an rufe ke nan, sai dai a koma gida. Yanzu kam gwiwa ta ƙi, sai da sanda, amma bakin yana nan yadda aka san shi. To, ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta gyara filin ƙwallon kwalejin, an dasa ciyawa, an kafa allo a bakin shiga, sai aka ce za a raɗa wa filin sunan zamanin da ya fi kowanne ƙarfi tun da aka fara gasar kwalejojin shiyya. Tun ranar da Malam Haladu ya ji wannan magana abinci ya daina yi masa daɗi. Abokan wasansa duk sun riga mu gidan gaskiya in ban da biyu, ɗaya ma ba ya gane mutane. Shi dai burinsa ya ga an rubuta Filin 'Yan Saba'in a allon nan kafin shi ma tasa ta zo.

Ranar taro aka cika ɗakin cin abincin kwalejin. Shugaban ƙungiya, Malam Tsalha, ya ce kowane zamani ya fito da mutum ɗaya ya kare kansa, daga nan a ɗaga hannu.

Yaran baya-bayan nan ne suka fara. Kai, abin haushi! Wani ɗan saurayi da askin banza ya tashi yana ɗaga waya sama, wai a kalli yadda suke taɓa ƙwallo. Malam Tsalha ya tambaye shi kofi nawa suka kawo. Ya ce ai a zamanin yanzu ba kofi ne ma'auni ba, su sun fi kowa riƙe ƙwallo. Aka ce ya je ya ci gaba da riƙewa. 'Yan tamanin kuwa da suka tashi, ba su da labari sai na alƙalin wasan da ya zalunce su a wasan ƙarshe. Shekara da shekaru suna bin bawan Allah da Allah ya isa, alhali shida aka ɗura musu ba ko ɗaya.

Da aka zo kan Malam Haladu, ya dogara sandarsa ya miƙe.

Ya ce, "Mu a bayan akori-kura muke zuwa wasa, ƙafa ba takalmi. Kuma a lokacinmu babu kwalejin banza a shiyyar nan, duk inda ka je ƙarti ne majiya ƙarfi. Amma shekarar da muka ɗauko kofi, tun daga wasan farko har na ƙarshe, ba ɗan da uwa ta haifa da ya taɓa min raga. In akwai wanda ya yi haka bayanmu, ya tashi in gan shi."

Aka ɗan tafa masa. Ya koma ya zauna.

Sai ga Alhaji Nafi'u ya taso, kyaftin ɗin 'yan casa'in, ɗan kwangila, wanda ƙamshin turarensa ke riga shi isa wuri. Shi ya ba da ciyawar filin, kuma bai bar kowa ya manta ba. Ya gyara babbar riga a kan tumbi, ya karɓi makirfo kamar gadon gidansu.

Ya ce, "Baba Malam, da girmanka da komai, amma kofi ɗaya fa kake magana a kai. Ɗaya tal! Mu uku muka ɗauko a jere. Ku a fegin makaranta kuka buga, awaki na ratsa ku, a tsaya a kore su a ci gaba. Mu a zamaninmu an mayar da gasar babban filin wasa na birni, duk wasanninmu a can muka yi su, gari guda na kallo. Kuma da kake cewa ba a ci ka ba, haba Baba, wa zai ci ka? Mutanen da ke tsoron tuntuɓe ne za su buga ƙwallo da ƙarfi?"

Ɗaki ya kwashe da dariya. Malam Haladu ya duba ya ga kawuna suna gyaɗawa, har da na mutanen da ya koya wa karatu. Ransa ya ɓaci matuƙa, ya ji kamar ya fashe. Ya ga filin nan yana suɓuce masa yana ji yana gani, za a liƙa wa allo sunan waɗannan masu cika baki, Garba Sanda da Isiyaku Dogo da sauran abokan wasansa kuwa an shafe su ke nan. Ga shi ya daɗe yana jin ƙishin-ƙishin cewa 'yan casa'in da sojan gona suka ci kofunansu, wato a ɗauko ƙwararrun 'yan ƙwallon gari waɗanda ba ɗalibai ba, a zura musu rigar kwaleji. Amma ba shi da shaida, in kuwa ya furta cewa za a yi hassadar tsufa ce. Ya yi tsaki a ciki.

Da Alhaji ya ga ɗaki ya dawo hannunsa, maimakon ya zauna, sai giyar nasara ta ɗebe shi.

Ya ce, "Don kada a ce baki ne kawai, na gayyato muku Sabitu Guguwa da kansa, lamba taranmu, wanda ya ci rabin ƙwallayen nan. Yana hanya. Bari ma ku ji muryarsa."

Ya kira waya, ya buɗe murya, ya kanga ta a bakin makirfo. Kowa ya kasa kunne.

"Guguwa! Kana ina? Ga jama'arka nan suna jiran ka."

Murya ta cika ɗaki. "Alhaji, wallahi tun ɗazu na sauka a tasha ina ta bulayi. Wai ta ina kwalejin take ne? Gabas ake yi ko yamma?"

Alhaji ya yi wata 'yar dariyar yaƙe, ya shiga lalubar inda zai kashe muryar, yatsa ya ƙi samun wurin. Ya ce, "Ka bi titin kasuwa ka miƙe, kai ma ka sani."

"To ga ni a kai. Na hango wani dogon gini mai jan bulo da tankin ruwa a sama. Ita ce, ko asibiti ne?"

Wannan tanki kuwa tun kafin a haifi Alhaji yake tsaye, a ƙarƙashinsa duk ɗalibin kwalejin ya yi layin wanka. Aka fara kallon-kallo. Alhaji ya samu ya kashe wayar, ya share gumi da hannun riga.

Ya ce, "Kun san gari ya sauya. Shekaru sun ja, mutum yakan manta."

Malam Tsalha ya yi gyaran murya, ya juya wajen tsohon. "Malam Haladu, kana da abin ƙarawa kafin a ɗaga hannu?"

Malam Haladu ko tashi bai yi ba. Ya ce, "Ba ni da shi, ranka ya daɗe. Sai dai a tura wani ya taro bawan Allah a bakin ƙofa, a rako shi a hankali. Kowa ya san ranar farko a makaranta akwai wuya."