A Juya Fankar Wajen Liman

Ba zan taɓa mantawa da ranar buɗe shagona ba, ko da na so in manta, domin mutanen unguwarmu a Malumfashi sun ɗauki nauyin tuna min kyauta. Na ce "shagona" ne don baki ya saba. Gaskiya shagon Baba ne, ɗakin nan na ƙofar gida mai rufin kwano, wanda tun ina yaro ba abin da ke kwana a cikinsa sai buhunan masara da ɓeraye.

Da na gama difloma na dawo gida na zauna, sai na haɗa kwamfutar wasa. Ba sabuwa ba ce, kowane sashe nata da tarihinsa: wani daga Funtuwa, wani daga Zariya, wani kuma Allah kaɗai Ya san hannu nawa ya bi kafin ya iso ni. Amma da na haɗa ta ta tashi, ga akwati mai murfin gilashi a gefe, ga fitilu masu canza launi, sai abokaina suka fara kirana Injiniya. (Su da gatse suka fara, ni na karɓa da hannu biyu.) Burina in buɗe gidan wasan kwamfuta a shagon nan, samari su riƙa zuwa buga ƙwallo a babban allo.

Matsalata ɗaya ce, Baffa Sale, ƙanin Baba, mai kula da gonarmu ta wajen Ƙafur. Shi a wurinsa ɗaki in ba buhu a ciki to kango ne. Muka kai ƙara gaban Baba, ya saurare mu, ya yanke hukunci.

"Ka buɗe kafin masara ta iso gida," in ji shi. "In na ga abin sana'a ne, shago naka ne, masara a nema mata wani wuri. In na ga shirme ne, ka kwashe kayanka ka koma ɗakinka."

Mai hankali da ya ji wannan sai ya share shago, ya jera benci, ya bar kwamfutarsa yadda take, tunda lafiyarta ƙalau. To ni ban cika shiri da masu hankali ba a wancan lokacin. Sai na shiga intanet na gamu da abin da ake kira obakulokin, wato ka tilasta wa kwamfuta ta yi gudun da ya wuce wanda kamfani ya saita mata. Furosesa, ƙwaƙwalwar da ke yin lissafin komai, a ƙara mata sauri. Memori, inda take ajiye abin da take aiki a kai, ita ma a ƙara mata. Duk ana yi ne a wani shafin saiti da ake kira bayos, wanda ake shiga kafin kwamfutar ta gama tashi. Kyauta kuma. Kalmar nan ta "kyauta" ita ta cuce ni.

Ba zan ɗora wa masu bidiyon da na kalla a intanet laifi ba, sun faɗi komai. Sun ce a ƙara kaɗan-kaɗan. Sun ce kar a taɓa furosesa da memori lokaci guda, don in abu ya lalace ka san wanne ne mai laifi. Sun ce duk ƙarin da ka yi, ka saki manhajar gwaji ta wahalar da kwamfutar na tsawon sa'o'i, kana kallon ma'aunin zafi. Sun ce ƙarin wuta shi ke kawo ƙarin zafi, a yi hattara da shi. Duk na ji. Sai dai ina da wata baiwa: da zarar mai bidiyo ya fara gargaɗi, yatsana ya tura shi gaba zuwa wurin da ake nuna sakamako.

Na shiga bayos na ɗaga gudun furosesa da yawa a tashi ɗaya. Ta ƙi tsayawa, na ƙara mata wuta. Na juya kan memori a zaman nan, na ɗaga ta ita ma, tunda an ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Akwai wani tsaro da ke sa kwamfuta ta rage gudu da kanta in zafi ya yi yawa. Na dube shi na ce wannan ai ragwanci ne, na sassauta shi iyakar yadda ya yarda.

Gwaji kuwa na yi, kar a zalunce ni. Na saki manhajar, na shiga cikin gida na sha kunu, na dawo na tarar ba ta mutu ba, na ce shi ke nan an ci jarrabawa. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne, tsakiyar damina ce, an kwana ana ruwa, gari ya yi sanyi har ana neman rigar ɗumi. Ga shi na cire murfin gilashin, na ɗauko doguwar fankar falon Baba na kafa ta tana hura iska kai-tsaye cikin akwatin. Haka na ci gaba da amfani da ita: murfi a buɗe, fanka a baki. Wani lokaci da safe sai ta yi gardama kafin ta tashi, ta kunna ta kashe ta sake kunnawa. Wannan alama ce ƙarara cewa memorin ba ta gamsu ba. Ni kuwa na fassara shi da cewa manyan injuna haka suke, sai sun yi miƙa.

Ana gobe buɗewa Baba ya leƙo ya tambaye ni, "Ka dai gwada ta sosai ko?"

Na ce, "Haba Baba, ai ni na haɗa ta." (Har da 'yar dariya na yi. Ita wannan dariyar ce ta fi damuna har yau.)

Ruwa ya riga ya ɗauke a lokacin, an shiga zafin nan na kaka mai dafa mutum a tsaye. Baba ya ce ba a buɗe sana'a ba addu'a, don haka ya gayyato Limamin masallacinmu da abokansa na majalisa bayan azahar. Ni kuma na gayyato samarin unguwa. Abokina Bashir ya tayar da janareto, na kunna kwamfuta, ta yi miƙarta ta tashi. Na sa wasan ƙwallo tana bugawa ita da kanta a babban allo, na rage murya, na bar lambar ma'aunin zafi a kusurwar allo don a san da Injiniya ake magana. Fanka na bakin aikinta. Komai tsaf.

Dattawa suka shigo suka zauna a kan tabarma, samari suka cika ƙofa suka toshe ɗan iskan da ke shigowa. Kwano ya ɗauki rana, shago ya zama tanda. Liman, dattijo mai jiki, ya fara share zufa da gefen rawaninsa. Nan Baba ya ɗaga kai ya ga inda fanka ta dosa.

"Kai," ya ce, "wane irin rashin ta ido ne wannan? Malam na zufa kana yi wa akwati fifita? Juya fankar nan wajen Liman."

Ku gaya min, don Allah, da wane baki ɗan Bahaushe zai ce wa ubansa a gaban mutane, "Baba, akwatin ya fi Liman bukata"? Na je na kama wuyan fankar na juya ta, ina ji kamar ina cire wa majinyaci ƙarin ruwa. Liman ya lumshe ido ya ce, "Alhamdu lillahi, Allah Ya yi maka albarka."

Har a nan da sauran dama. Da na shiga bayos na mayar da komai yadda yake, da an wuce wurin. Amma ina tsoron in na kashe ta ta yi min gardamar tashi a gaban jama'a. Ina cikin wannan tunani sai Baffa Sale ya leƙa cikin akwatin, ya ga wayoyi a fili, ya ce, "Af, ashe ba a gama haɗa ta ba aka tara mu?"

Samari suka yi dariya. Zuciya ta ɗebe ni, na ɗauko murfin gilashin na rufe, na ɗaure shi tamau, fitilu suka haska gwanin kyau. Wato fanka Baba ya raba ta da ita, amma numfashin da ya rage mata ni na toshe shi da hannuna, saboda kada Baffa ya raina ni.

Liman ya ɗaga hannu, kowa ya ɗaga. Limaminmu kuwa, Allah Ya ƙara masa lafiya, ba ya addu'ar gaggawa. Yakan faro daga iyaye da kakanni, ya bi ta kan damina da amfanin gona, ya ratsa zaman lafiyar ƙasa, kafin ya iso kan abin da ya tara mutane. Ni ina tsaye, tafuka a sama, ido ɗaya a rufe don ladabi, ɗayan yana kan kusurwar allo. Lambar zafi na hawa. Muna kan kakanni ta wuce inda na saba ganinta. Muna kan amfanin gona ƙananan fankokin cikin akwatin suka fara kuka kamar injin niƙa ya haɗu da tsakuwa. Wasu dattawa suka buɗe ido suka sake rufewa. Ba halin in sauke hannu a tsakiyar addu'ar da ake yi domina. Ban taɓa faɗin "amin" da gaske irin na ranar ba, sai dai abin da nake roƙo daban ne da na kowa.

Daga ƙarshe Liman ya iso kaina. "Allah Ka sa albarka a wannan sana'a ta ɗanmu. Allah Ka tsayar da ita, Ka ɗorar da ita..."

'Yan ƙwallon da ke allo suka daskare, ɗaya ƙafarsa a sama. Allo ya koma shuɗi fes, da wata fuska mai ɓacin rai a gefe, babba yadda har na ƙofa sun gani. Jama'a suka ce, "Amin."

Sai kwamfutar ta mutu. Sai ta kunna kanta, fitilu suka haska, ta yi ƙara ƙit-ƙit-ƙit, ta sake mutuwa. Ta sake tashi, ta sake mutuwa. Haka ta riƙa yi har aka shafa Fatiha. Ina jin samari a bakin ƙofa suna fama da dariya, wani har ya fita da gudu don kar ta kuɓuce masa a gaban Liman.

Ana shafawa na ce da ƙarfi, "Janareto ne! Wutar ce ba ta da kyau!"

Bashir, wanda na ɗauka aboki ne, ya ce, "Anya, Injiniya? Ga fanka nan tana juyawa lafiya lau."

Ban san lokacin da na cire murfin na yayumi wani kwali na durƙusa ina yi wa akwati fifita ba, ni da sabuwar shaddata, zufa na ɗiga daga haɓata. Sai Liman, cikin tausayi na tsakani da Allah, ya ce, "A mayar mata da fankar, ɗana. Mu mun saba da zafi."

Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Baffa Sale kuwa ya miƙe kawai ya fara auna faɗin shagon da ƙafa, yana duban inda buhu zai fara.

Bayan an watse na zare wani ɗan batir mai kamar kwabo da ke jikin allon cikin kwamfutar, na jira kaɗan na mayar, saitin bayos ya koma na kamfani. Ta tashi nan take kamar ba ita ba. Na rufe gilashi, ba fanka, a cikin zafin nan, ta buga ƙwallo har la'asar sakaliya ba ko tari. Abin da ya fi ƙona min rai, na zura ido iyakar iyawata in ga bambancin gudun da na sayar da mutuncina a kansa, ban ga komai ba.

Na je na gaya wa Baba ta gyaru. Ya ce, "Na ji. Inji yakan mutu, wannan ba komai ba ne. Amma na tambaye ka ko ka gwada, ka yi min dariya."

Masara ta iso a satin. Ni na taya sauke ta, Baffa na tsaye yana nuna min inda zan jera, yana kirana Injiniya a kan kowane buhu.

Yanzu kwamfutar na ɗakina. Nakan ƙara mata gudu har gobe, amma abu ɗaya a lokaci ɗaya, kaɗan-kaɗan, kuma ba na yarda da saiti sai ya yini yana shan gwaji da tsakar rana, murfi a rufe, ba mai yi masa fifita. Na gane cewa a garinmu duk abin da ba zai tsaya ba sai da fanka, to bai tsaya ba, domin ko yaushe akwai wanda ya fi shi cancantar iska.

Fankar kuwa Baba ya ba da ita sadaka ga masallaci. Tana nan a sahun gaba, ta dosa wajen Liman, kuma sau biyar a rana muke haɗuwa da ita.